Sabon tsarin manhaja ya fi sauri, amma ma'aikata sun ce ya fi nauyi: wanne zan kai wa oga?

Rahmatu_Zane:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar gwajin manhaja da masu amfani da ita. Muna gyara wata manhaja ta rajistar masu awon ciki, wadda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke cikewa a tabulet. A tsohon tsari tambaya ɗaya ce a kowane shafi, a cike a danna gaba. A sabon mun tara komai a dogon shafi guda. Mun sa ma'aikata sun yi aiki iri ɗaya da duka biyun, muna duba agogo, sannan bayan kowane aiki su cike takardar NASA-TLX, wadda mutum yake faɗin nauyin da ya ji aikin ya ɗora masa. A agogo sabon ya cinye, sun fi saurin gamawa, kurakurai kuma kusan kunnen doki. A takarda kuwa sabon ne ya fi nauyi, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Oga ya ce agogo ba ya ƙarya, mutum kuwa abin da ya ga dama yake faɗa, don haka a fitar da sabon. Ni hankalina bai kwanta ba. In ku ne, wanne za ku bi?

Kabiru_Koda:
Wa'alaikumussalam. Ni dai ina bayan oga. An gina abu don ya rage lokaci, ya rage lokacin, kurakurai ba su ƙaru ba. Me kuma ake nema? Ba don jin daɗi suke riƙe tabulet ɗin ba, layi ne a waje yake jiransu.

Sabon_Shiga22:
Don Allah a yi mana bayani tukuna, mu ƙananan ɗalibai. Mene ne haɗin NASA da awon ciki? Ba 'yan sama-jannati aka yi wa abin ba?

Injiniya_Bello:
Sabon_Shiga, sunan ne yake ruɗa mutane. Ma'auni ne da Sandra Hart da Lowell Staveland suka fitar a 1988 daga cibiyar binciken NASA ta Ames da ke Kaliforniya. Damuwarsu a lokacin ta fi karkata ga harkar jiragen sama, yadda za a san nauyin da aiki ya ɗora wa matuƙi. Kusan shekara 3 suka yi suna gina shi. Daga baya ya bazu zuwa tuƙin mota, ɗakin tiyata, har gwajin manhaja irin namu. Da Hart ta waiwayi ma'aunin a 2006, ta bi bincike 550 da aka yi da shi.

Abin da yake tambaya shida ne: nauyin tunani, wahalar jiki, matsin lokaci, yadda mutum ya ga nasarar aikinsa, ƙoƙarin da ya zuba, da takaicin da ya ji. Kowane ɗaya layi ne daga 0 zuwa 100, an yanka shi biyar-biyar, mutum ya sa alama inda ya ga ya dace. Babu na'ura, babu waya a jiki. Tambayar mutum ake yi kai tsaye.

Kabiru, maganarka na kan hanya amma akwai abin da ta bari. Agogo yana gaya maka abin da ya fito, ba ya gaya maka abin da aka kashe kafin ya fito. Mutum yana iya ƙara ƙoƙari ya riƙe saurinsa duk da aikin ya yi masa nauyi, sai ka ga lokaci bai motsa ba, ko ma ya ragu, alhali ya kusa ƙure ƙarfinsa. Masu binciken wannan fanni sun daɗe da sanin cewa ma'aunin aiki da abin da mutum ya ce ya ji suna raba hanya, Yeh da Wickens sun yi rubutu a kai tun 1988. Saboda haka abin da Rahmatu ta samu ba alamar gwajin ya lalace ba ne. Abu biyu daban ta auna.

Kabiru_Koda:
To Injiniya, in abu biyu ne daban, ai sai a zaɓi wanda ya shafi mara lafiya. Mai ciki da ke zaune a benci tun safe lokaci ne ya dame ta.

Nas_Hadiza:
Bari in sa baki, tunda mu ake magana a kai. Malam Kabiru, a ɗakin gwaji ba wanda yake katse ka. A ranar awo kuwa kina tsakiyar cike shafi wata za ta leƙo ta ce katinta ya ɓace, yaro ya fasa kuka, a kira ki ɗakin haihuwa, ki dawo ki tarar allon ya mutu. Tambayar ita ce in na dawo, zan gane inda na tsaya? Da shafi ɗaya-ɗaya ina dawowa na ga tambayar tana jirana. Da dogon shafi sai na bi daga sama ina laluben gurbin da na tsallake. Mai gudu da tulu cike a ka zai riga kowa isa gida in hanya ta yi kyau, amma tuntuɓe ɗaya ya ishe shi. Mu kuwa tuntuɓen shi ne aikin namu.

Rahmatu_Zane:
Anti Hadiza, kin taɓo abin da na gani da idona. Akwai wata ungozoma, tana cikin waɗanda suka fi kowa sauri da sabon tsarin. Tana karanta awon hawan jini sai ta ɗauki biro ta rubuta lambobin a bayan hannunta na hagu, sannan ta ja shafin ƙasa tana neman gurbinsu, leɓenta na motsi tana maimaita nauyin matar don kar ya kuɓuce mata. Yatsanta ɗaya kuma na dafe a gefen allo wurin da ta tsaya. Da tsohon tsari ba ta taɓa biron ba.

Abba_Alƙaluma:
Kafin a yi nisa, tambaya uku Rahmatu. Da wane tsari suka fara? Sun saba da tsohon kafin gwajin? Kuma kin yi musu zaɓin bibbiyun nan ko kin tsaya a layuka shida?

Rahmatu_Zane:
Rabi sun fara da tsoho, rabi da sabo. Tsohon shi suke aiki da shi kullum tun bara, sabon kuwa ranar suka fara ganinsa. Zaɓin bibbiyu ban yi ba, layuka shidan kawai.

Abba_Alƙaluma:
Madalla da raba su da kika yi, wannan ya cire zargin gajiya ko koyo daga aikin farko. Amma amsarki ta biyu ita ce babbar magana a wurina. Kin haɗa abin da hannunsu ya haddace da abin da idonsu bai taɓa gani ba. Duk sabon abu sai ya ci tunani a ranar farko. Yana yiwuwa makin da kika gani kuɗin baƙunta ne, bayan mako biyu ya sauko ƙasa da na tsohon. Yana kuma yiwuwa ya tsaya inda yake. Gwajin rana ɗaya ba zai raba miki waɗannan biyun ba. Abin mamakin ma shi ne sun fi sauri da tsarin da ba su sani ba, wannan maki ne ga ɓangaren oga.

Kabiru_Koda:
Yauwa. Na gode Abba.

Abba_Alƙaluma:
Kar ka yi saurin godiya, ban ce a fitar ba. Cewa na yi a sake aunawa.

Sabon_Shiga22:
Mene ne kuma zaɓin bibbiyu?

Abba_Alƙaluma:
A asalin ma'aunin, bayan layuka shidan ana jero wa mutum sassan bibbiyu, a ce tsakanin matsin lokaci da takaici wanne ya fi ƙara maka nauyi a wannan aikin, tsakanin tunani da ƙoƙari wanne, haka har sau 15, domin sassa shida haɗinsu bibbiyu 15 yake bayarwa. Yawan lokutan da ya zaɓi sashe shi ne nauyinsa, daga 0 zuwa 5.

Ga misali na ƙirƙira don a gane. A ce wata ta ba tunani 70, jiki 10, lokaci 60, nasara 30, ƙoƙari 65, takaici 50. In ka tara ka raba shida, 47.5 za ka samu. To a ce a zaɓin ta ɗauki tunani sau 5, ƙoƙari sau 4, lokaci sau 3, takaici sau 2, nasara sau 1, jiki kuwa ba ta ɗauke shi ba ko sau ɗaya. Sai ka ninka kowane maki da nauyinsa, jimla 920, ka raba da 15, ya ba ka 61.3. Mutum ɗaya, amsa ɗaya, amma lambar ta tashi da kusan 14, domin 10 ɗin nan ta wahalar jiki ta daina jan matsakaicin ƙasa, manyan makin kuma su suka samu nauyi mafi yawa. A aikin danna allo wannan sashen na jiki kusan kullum ƙasa yake, yana tsarma sauran.

Dakta_Safiya:
Abba, lissafinka daidai ne, amma kar Rahmatu ta ɗauka ta yi asara da ta bar zaɓin. Mutane da yawa suna barinsa, har suna da shi, ana ce masa ɗanyen TLX. A waccan waiwayar ta 2006 da Injiniya ya ambata, Hart ta duba binciken da suka gwada hanyoyin biyu, wani ya ce mai nauyin ya fi gano bambanci, wani ya ce ɗanyen ya fi, wani ya ce duk ɗaya. Kuma zaɓin yana da nasa aibin. Dole wani sashe ya sha ƙasa ko da mutum yana ganin biyu daidai suke, kuma komai girman sashe ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na jimla ba. Ga gajiyar da mutane, ma'aikaciyar da ta baro layi ta zo miki gwaji, ki tsare ta da tambaya 15 masu kama da juna, daga ta takwas sai ta fara nuna duk wanda ya zo hannu.

Ni shawarata ki manta da jimlar ma gaba ɗaya. Buɗe sassa shidan ɗaya bayan ɗaya. Wanne ne ya tashi? In tunani da ƙoƙari ne suka hau, takaici bai motsa ba, labari ɗaya ne. In takaici ne ya hau, wani labarin ne daban. Sannan ki duba layin nasara da kyau, domin shi a juye yake: gefen hagu ne aiki ya yi kyau, dama ne ya lalace. Na sha ganin wanda ya ji ya yi ƙoƙari ya kai alamarsa can dama yana nufin yabon kansa, sai ya ƙara wa jimlarsa nauyin da bai ji ba.

Rahmatu_Zane:
Dakta, na koma na duba. Tunani ne ya fi tashi, ƙoƙari na biye. Matsin lokaci kusan ɗaya, takaici ya ɗan hau kaɗan. Layin nasara ni nake karanta musu ina nuna gefen da yake mai kyau, don haka ina ganin ba a juya ba.

Malam_Tanko:
To nan ni kuma nake da magana. Ke kike karanta musu, kina zaune a gabansu, kuma sun san daga kamfanin da ya yi manhajar kike. 'Yata, mutanenmu ba sa kushe abu a gaban mai shi. Na yi shekaru ina aikin tambayoyi a karkara, ka tambayi dattijuwa ko abu ya ba ta wahala, gumi na zuba, ta ce a'a babu komai, an gode Allah. Balle ma'aikaciyar da take tunanin amsarta za ta iya komawa kunnen shugabanta, a ce ita ce ba ta iya aiki da na'ura ba. Layin takaici da na nasara su suka fi shan wannan kunyar. Saboda haka in har da wannan kawaicin suka ce miki sabon ya fi cin tunani, ni a wurina abin ya fi yadda takardar ta nuna.

Abba_Alƙaluma:
Allah ya gafarta Malam, kawaicin ai ya shafi tsari biyun duka, tunda mutum ɗaya ne ya auna su a gaban mai tambaya ɗaya. Bambancin da ke tsakani bai kamata ya taɓu ba.

Malam_Tanko:
Da haka ne in ba su san wanne ne ɗan gidan ba. Sun san tsohon, sun ga sabon, sun san sabon ne aka zo nuna musu. Wa zai ce wa mai ɗinki sabuwar rigar ce ba ta yi ba?

Issoufou_Damagaram:
Gaskiyar Malam Tanko. Mu a nan abin da muke yi, wanda ya zauna da su a gwaji daban, wanda ya karɓi amsa daban, kuma a gaya musu tun farko manhajar ake jarrabawa, ba su ba. Wani abin kuma, layin nan mai tsaga 21 yana wahalar da wanda bai saba cike takarda ba. Sai ka ga alama ta taru a wuri uku kawai, farko, tsakiya, ƙarshe. Ga ma'aikatan asibiti ba matsala sosai, sun yi makaranta. Amma da muka gwada wata hidimar waya da 'yan kasuwa, tambaya ɗaya muka koma yi bayan kowane aiki: yaya sauƙinsa ko wahalarsa, daga 1 zuwa 7. Ita ce ake kira SEQ.

Dakta_Safiya:
Tana da kyau, kuma ba ta cin lokaci. Sauro da Dumas sun gwada ta a 2009 tare da wasu tambayoyin guda-guda, ta yi abin da ake so. Akwai kuma ta Zijlstra daga Holan, layi ɗaya a tsaye daga 0 zuwa 150 da alamomi tara a jikinsa, ita ƙoƙarin tunani kawai take tambaya. Sai dai Malam Issoufou, da tambaya ɗaya Rahmatu ta yi, da yanzu ba ta san tunani ne ya tashi ba takaici ba. Kuma sauƙi daban, nauyi daban. Aiki yana iya zama mai sauƙin ganewa amma ya hana ka ɗauke ido ko na daƙiƙa ɗaya.

Fusaini_Zongo:
Ni tambayata daban ce. A ce na yi gwaji da tsari ɗaya tal, na samu 55. Ya yi yawa ko bai yi ba? A SUS, takardar auna sauƙin amfani da manhaja, ai an ce 68 ne matsakaici, kowa ya san inda ya tsaya.

Injiniya_Bello:
Fusaini, nan ne mutane suke shiga rami. TLX ba shi da layin da aka ja aka ce daga nan an ci, daga nan an faɗi. Rebecca Grier ta tattara makin bincike masu yawa a 2015 don a samu abin kwatance, kuma abin da ya fito fili shi ne lambar tana bin irin aikin. Abin da yake daidai ga mai kula da zirga-zirgar jirage ya yi yawa ga mai cike fom. Kai 55 ɗinka ba ta cewa komai sai ka ajiye wata lambar kusa da ita, ta tsohon tsari, ko ta takarda da biro, ko ta mutanen nan bayan sun saba. Kuma ba kullum ƙasa ce ta fi ba. Aikin sa ido da ya yi sauƙi ƙwarai yana sa mutum gyangyaɗi.

Kabiru_Koda:
Duk wannan wahalar saboda ana tambayar mutum ne. Yanzu agogon hannu yana auna bugun zuciya, kyamara tana bin ido. A ɗaura musu a huta da kawaici da juyayyen layi.

Dakta_Safiya:
Ba sabon tunani ba ne, Kabiru. Tun 1966 Kahneman da Beatty suka nuna ɗan bakin tsakiyar ido yana buɗewa yayin da mutum yake riƙe lambobi a ka, ya koma daidai in ya sauke su. Matsalar ita ce haske ya fi tunani juya shi. Farin shafi da shafi mai duhu kaɗai sun isa su ɓata maka awo, balle ɗakin da rana ke shigowa ta taga. Bugun zuciya kuma zafi yana taɓa shi, tashi tsaye yana taɓa shi, shayin da aka sha da safe ma haka. A ɗakin bincike mai sanyi da fitila ɗaya ana iya yi. A asibitin ƙauye a watan Afrilu, ban ga alama ba.

Abin da zai fi amfani a nan, kuma ba ya cin ko sisi, shi ne a ba su aiki na biyu. Ana cikin cike shafin a katse su da tambaya irin wadda ake yi musu a wurin aiki, a ga wa ya dawo daidai, wa ya tsallake gurbi. Masu binciken tuƙin mota haka suke yi da ɗan haske ko girgiza da direba zai amsa, in ya yi jinkiri an san kansa ya cika.

Nas_Hadiza:
Wannan ita ce maganar. Ku zo ranar awo ma ku zauna a gefe, ba sai kun ƙirƙiri katsewar ba, za ta zo da ƙafarta. Kuma ku duba katin da aka cike da ƙarfe tara da wanda aka cike bayan azahar.

Kabiru_Koda:
Anti, in aka bi wannan ba ranar da za a fitar da komai. Kowane gyara sai an yi wata guda ana kallon mutane? Akwai masu jiran aikin, akwai kuɗin da aka ware. A fitar, in an ga matsala a gyara a sabuntawa ta gaba.

Nas_Hadiza:
Matsalar da za ku gani ita ce lambar hawan jinin wata a gurbin nauyinta. Ku a wurinku gyara ne a sabuntawa ta gaba.

Injiniya_Bello:
A yi haƙuri da juna. Rahmatu, wani abu da ba a faɗa ba: TLX ya gaya miki akwai nauyi, ya nuna miki a tunani yake, amma ba zai taɓa gaya miki wane gurbi ne ya jawo ba. Biron ungozomar nan ne ya gaya miki. Tana riƙe lambobi a ka ne saboda inda take karanta su da inda take zuba su sun yi nisa a shafin. Wataƙila ba tsawon shafin ne laifin ba, jerin guraben ne bai bi yadda suke aikin ba. In awon jini da nauyi da tsayin ciki suna wuri ɗaya, a jere yadda ake yin su a ɗakin, kina iya samun saurin ba tare da nauyin ba.

Abba_Alƙaluma:
Wataƙila. Amma mutum ɗaya ce aka gani da biro. Kar a gina gyara a kan hannun mace ɗaya.

Rahmatu_Zane:
Ba ita kaɗai ba ce mai motsa leɓe, Abba, ita ce dai mai rubutawa. Na kai wa oga maganar katsewa da ta sake aunawa bayan sun saba. Ya yarda a ba asibiti biyu sabon tsarin su yi aiki da shi, sauran su zauna a tsohon, amma ya ce ba zai ɗaga ranar fitarwa ba ko me takardar ta nuna. Yanzu abin da ban yanke ba, a zagaye na biyun in sake ba su layuka shidan, ko in rage zuwa tunani da ƙoƙari da takaici tunda su ne suka motsa?

Dakta_Safiya:
Bar su shida yadda suke. In kika canza takardar, da me za ki kwatanta na farkon?

Issoufou_Damagaram:
Ni kuwa da ragewa zan yi. A tsakiyar ranar awo ba wadda za ta tsaya miki ta cike layi shida da zuciya ɗaya. Ukun da aka amsa da gaske sun fi, kuma kowane layi ana iya kwatanta shi da ɗan'uwansa na zagayen farko, ba sai da jimla ba.

Malam_Tanko:
Shida ko uku, a samu wani ya karɓi amsar, ba Rahmatu ba. Kuma kar a yi a ofishin shugabar asibitin.